Janareta, Akwatin Batir ko Injin Dindindin: Wanne Ya Dace da Gidanka Idan Guguwa ko Ƙanƙara Ta Katse Wuta a Amurka da Kanada?

Wanda ya tashi a Kano ko Maradi ko zangon Kumasi bai ɗauki ɗaukewar wuta a bakin komai ba. An ɗauke, a buɗe taga, a fito tsakar gida, mai janareta ya ja igiya. Wannan sabon shi ne yake ruɗin 'yan'uwanmu da suka koma Houston ko Bronx ko Montreal. A can wuta kan yi wata da watanni ba ta ƙifta ba, amma ranar da za ta tafi, takan tafi ne da ɗumin gida gaba ɗaya, a daren da sanyi ya sauka ƙasa da sifili, cikin gidan da aka gina shi a toshe don kada iska ta shiga ko ta fita. Shi ya sa tambayar "me zan saya?" take da nauyi, kuma amsar da ta dace da mai gida a bayan gari ba ita ce ta dace da ɗalibi a ɗakin haya a hawa na shida ba.

Ma'aunan da za ka auna da su

Na farko, kwana nawa wutar kan yi idan ta tafi a yankinku. Wannan ya danganta da abin da ya katse ta. Iska mai ƙarfi ta hadarin bazara takan karya reshe ya faɗa kan waya, a gyara cikin awanni. Ruwan da ke daskarewa da zarar ya taɓa abu kuwa, shi ne babban maƙiyin wayoyi. Yakan lulluɓe waya da rassan bishiya da ƙanƙara, nauyi ya yi ta ƙaruwa har falwaya ta karye. Kaurin rabin inci kawai yana iya ɗora wa wayar da ke tsakanin falwaya biyu nauyin da ya haura kilo 200. A Janairun 1998 irin wannan ruwa ya yi kwanaki yana sauka a Quebec da gabashin Ontario, kaurin ƙanƙarar ya kai santimita 10 a wasu wurare, manyan turakun ƙarfe kusan 1,000 suka durƙushe, garuruwan gabas da Montreal irin su Granby da Saint-Hyacinthe suka yi makonni cikin duhu. Akwai kuma nau'in da wayar tana nan lafiya amma babu wutar da za a saka mata. Haka aka yi a Texas a Fabrairun 2021: tashoshin samar da wuta da bututun gas suka daskare, hukumar ERCOT, mai kula da tsarin rarraba wutar jihar, ta ba da umarnin yanke wuta don kada tsarin ya rushe baki ɗaya, gidaje da shaguna fiye da miliyan 4 suka shiga duhu, wasu har kwana huɗu. Hukumar lafiya ta jihar ta ƙirga mutum 246 da suka rasu.

Na biyu, me kake so ya ci gaba da aiki. Waya da fitila da intanet ba sa cin komai. Firij yana cin kaɗan. Abin da ke cin wuta shi ne duk abin da ke samar da zafi. Ƙaramar hitar ɗaki tana jan wat 1,500. Idan gidanka da gas ake ɗumama shi, fankar da ke tura ɗumin ce kawai ke buƙatar lantarki, wat 400 zuwa 800. Idan kuwa da lantarki zalla ake ɗumama shi, kamar yawancin gidajen Texas da Quebec, to maganar dubban wat ake yi. Ka san wanne ne naka kafin ka kashe ko sisi, domin rabin shawarar a nan take.

Na uku, gidan naka ne ko na haya, kuma akwai fili a waje? Sannan sai kuɗi, ƙarko, sauƙin aiki da haɗari.

Ƙaramin janareta mai ɗaukuwa

Shi muka sani, shi hannu ke fara kaiwa. Kashi biyu ne. Akwai na gargajiya mai ƙara, mai ba da wat 3,500 zuwa 7,500, wanda ake samu daga kimanin dala 400 zuwa 1,000. Akwai kuma mai inbata, wanda ke rage gudu idan kaya sun yi sauƙi, ba ya damun maƙwabta, kuma wutarsa ba ta lalata kwamfuta. Honda EU2200i, wanda ya yi suna a wannan ajin, ya ɗan haura dala 1,000, tankinsa bai cika galan ɗaya ba amma yakan yi awa takwas idan ba a ɗora masa kaya da yawa ba. Wasu kamfanonin na sayar da makamancinsa a rabin wannan kuɗin.

Ƙarfinsa shi ne muddin akwai mai, akwai wuta, ko mako biyu za a yi. Rauninsa ma man ne. Babban janareta na iya shan galan 12 ko fiye a kwana ɗaya idan ba a kashe shi ba, kuma gidajen mai ma da lantarki famfunansu ke aiki. A Texas mutane da yawa sun mallaki inji sun rasa abin zuba masa. Fetur ɗin Amurka kuma galibi an gauraya shi da itanol, idan ya yi 'yan watanni a ajiye sai ya lalace ya toshe kafireto. Mafi yawan janaretan da ya ƙi tashi ranar buƙata, tsohon mai ne ya kwana a cikinsa. Don haka ina fifita wanda ke aiki da fetur da kuma gas ɗin furofen. Furofen ba ya lalacewa ko shekara nawa silinda ta yi a ajiye, sai dai ƙaramar silinda takan yi rauni idan sanyi ya tsananta ƙwarai.

A kan haɗari zan daɗe, domin a nan ake rasa rai. Hayaƙin janareta na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ta ce janareta ɗaya na iya fitar da wannan iska daidai da ɗaruruwan motoci, kuma kusan mutum 100 take kashewa a ƙasar kowace shekara ta wannan hanyar. A cikin mamatan Texas, 19 wannan iskar ce ta kashe su, daga janareta da gawayi da motocin da aka tayar a gareji don a ji ɗumi. Mu ma a gida muna jin labarin iyalan da suka kwana da inji a falo ko a lungu ba su wayi gari ba, to ina ga gidan da kowace taga an manne ta da roba? Ƙa'idar ita ce a ajiye shi a waje, aƙalla ƙafa 20 daga gida, wato kusan mita 6, salansa na kallon nesa da taga. Gareji bai halatta ba ko da ƙofarsa a buɗe take. Baranda ma haka. Kuma kada ka sayi janareta ba ka haɗa da na'urar gano wannan iska mai aiki da batir ba, wadda ba ta wuce dala 20 zuwa 40 ba. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da suka kama 'yan gida a lokaci guda, alamarta ce: a fita waje nan take, a kira lambar gaggawa ta 911.

Haɗari na biyu ya shafi wasu ne. Akwai masu haɗa waya mai kai biyu su soka janareta a soket ɗin bango don wuta ta zagaya gida. Wutar ba ta tsayawa a gida. Takan bi waya ta koma tiransifoma, ita kuma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta samu ma'aikacin da ke kan falwaya cikin dusar ƙanƙara yana zaton layin a mace yake. Wannan laifi ne a doka, kuma ɗaukar alhakin rai ne. Hanyar da ta dace ita ce mai gyaran wuta mai lasisi ya saka makunnin da ke raba gidanka da layin gari kafin wutar inji ta shiga. Yakan ci 'yan ɗaruruwan dala zuwa sama da dubu, ka lissafa shi cikin farashin tun farko.

Akwatin batir mai inbata

Wannan shi ne irin na EcoFlow da Jackery da Bluetti da Anker: batir da inbata da soket duk a akwati ɗaya mai hannu. Mai ɗaukar kilowat-awa ɗaya, wato wutar da za ta riƙe kayan wat 1,000 na awa ɗaya, yakan kama daga dala 400 zuwa 900 gwargwadon kamfani da lokacin rangwame, mai biyu kuma yana iya haura dubu. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba mai, ba sabis. Yaro ma zai iya kunna shi. Ga mai zama a gidan haya na bene, kusan shi kaɗai ne zaɓin da doka da hankali suka yarda da shi.

Ka nemi mai batir nau'in LFP, wanda ke jure caji sau 3,000 ko fiye kuma bai cika kama wuta ba. Zai yi shekara goma idan ana ɗan caja shi duk bayan 'yan watanni. Amma ba ya karɓar caji idan sanyinsa ya yi ƙasa da sifili, don haka wurin ajiyarsa cikin gida ne, ba bayan mota ba.

Sai dai kada talla ta ruɗe ka. Kilowat-awa ɗaya zai caja wayoyin gida na kwanaki, ya riƙe na'urar intanet da fitilu, ya ɗauki na'urar numfashin mai barci dare ɗaya ko biyu, ya riƙe firij kusan rabin kwana. Hitar nan mai wat 1,500 kuwa, za ta shanye shi kafin minti 40. Batir ba ya ɗumama ɗaki. Abin da zai iya shi ne bargon lantarki, wanda ke cin ƙasa da wat 100, kuma dabarar ke nan: a ɗumama jiki, a bar ɗaki. Faifan sola mai naɗewa da ake sayarwa tare da shi yana da amfani bayan guguwar bazara. Lokacin da guguwar Beryl ta afka wa Houston a Yulin 2024 ta bar fiye da gida miliyan 2 ba wuta, wasu sama da mako, zafi ne ya addabi mutane, kuma rana tana nan. A Disamba a Buffalo ko Minneapolis, yini gajere ne, sama a rufe, faifan a binne cikin dusar ƙanƙara. Kada ka dogara da shi a hunturu.

Injin dindindin

Shi ne wanda ake girkewa a gefen gida a kan daɓe, irin na Generac da Kohler, a haɗa shi da bututun gas na gari ko babban tankin furofen. Wuta na tafiya, cikin daƙiƙu zai tashi da kansa, ko kana gida ko ka zo Zariya biki. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin gidan da ya huce ba kowa a ciki, bututun ruwansa kan daskare su fashe, mai gida ya dawo ya tarar da silin a ƙasa.

Da inji da aiki da takardar izini, ka shirya kimanin dala 10,000 zuwa 15,000, wani lokaci fiye. Yana tayar da kansa gwaji kowane mako, yana son canjin baƙin mai da duba batir kowace shekara, kuma idan an kula da shi yakan kai shekara 15 zuwa 20. Mai kilowat 20 zuwa sama na iya ɗaukar yawancin gida har da na'urar sanyaya ɗaki. Haɗarinsa ya yi ƙasa da na ƙaramin janareta tunda ƙwararru ke girka shi a inda doka ta ce, amma hayaƙi hayaƙi ne, na'urar gano iskar nan dole ce, kuma sai an riƙa share dusar ƙanƙarar da ta taru a bakinsa. Idan aka yi kwanaki yana aiki, takardar kuɗin gas ta watan za ta nuna.

Sola da babban batir na bango

A nan akwai kuskuren da mutanenmu ke yawan yi, saboda solar da muka saba da ita a gida ba ruwanta da layin gari. Yawancin solar da ke kan rufin gidajen Amurka a haɗe take da layin, kuma an tsara ta ta mutu da zarar wutar gari ta tafi, don kare ma'aikatan gyara. Rana na iya take amma gidan duhu. Sai an ƙara batir da na'urar raba layi sannan ta yi aiki ita kaɗai. Tesla Powerwall ɗaya na ɗaukar kilowat-awa 13.5, girka shi yakan haura dala 10,000, da garantin shekara 10. Zai riƙe firij da fitilu da fankar ɗumin gas na kwana ɗaya ko fiye, ba ƙara, ba hayaƙi. Gidan da ke ɗumi da lantarki zalla kuwa zai ƙarar da shi cikin 'yan awanni. A ganina, wanda zai saya don tsoron ƙanƙara kaɗai ya yi asarar kuɗi. Ya fi dacewa da wanda dama yana son sola don rage kuɗin wuta, a jihar da rana ke wadata.

| Zaɓi | Kimanin farashi da dala | Ƙarko | Sauƙin aiki | Tsawon riƙo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙaramin janareta | 400 zuwa 1,200, ban da makunni | Shekaru da dama idan ana sabis | Sai an fita waje, an zuba mai | Muddin akwai mai | Iska mai guba, gobara, mayar da wuta layi |
| Akwatin batir | 400 zuwa 2,000 | Kusan shekara 10 | Mafi sauƙi | Awanni zuwa kwana ɗaya ko biyu | Ƙarewa ba inda za a caja |
| Injin dindindin | 10,000 zuwa 15,000 ko fiye | Shekara 15 zuwa 20 | Yana tashi da kansa | Kwanaki ko makonni | Hayaƙi, katsewar gas |
| Sola da batir | Sama da 10,000 ga batir kaɗai | Garantin shekara 10 | Yana aiki da kansa | Kwana ɗaya, fiye idan akwai rana | Rashin rana a hunturu |

Farashin na canzawa da jiha da lokaci, kuma yakan tashi sama ana gobe guguwa, ranar da kantuna ke wayar gari ba ko inji ɗaya.

Bibiyar yanayi na cikin lissafin

Zaɓi biyun farko ba su da amfani idan ba ka samu labari da wuri ba, domin batir sai an cika shi, mai sai an sayo. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka na fitar da sanarwa a shafin weather.gov kyauta, ka rubuta lambar unguwarku kawai. Idan ka ga Watch, abin na iya zuwa, lokacin shiri ke nan, sau da yawa kwana ɗaya ko biyu kafin. Idan ka ga Warning, ya iso ko yana dab. Ana fitar da gargaɗin ƙanƙara idan ana sa ran kaurinta zai kai rubu'in inci, kuma daga nan rassa ke fara karyewa. Wannan adadin ya fi yawan dusar ƙanƙara muhimmanci ga wayoyi, don busasshiyar dusa ba ta cika manne musu ba.

Mutane da yawa na zaton ƙarar gaggawar nan da ke tashi a waya da kanta ta wadatar. Tana zuwa ne kan abubuwan da ke afkuwa farat ɗaya, irin guguwa mai juyawa da ambaliya. Gargaɗin ƙanƙara da na sanyin hunturu ba sa cikin waɗanda hukumar ke turowa ta nan, sai ka nema da kanka ko ka saka manhajar da ke sanar da kai. Turakun sadarwa ma batir ɗinsu kan ƙare idan wuta ta daɗe, shi ya sa ƙaramar rediyon da ke kama tashoshin yanayi na hukumar NOAA ta Amurka, mai batir ko mai wani da hannu, ta dala 30 zuwa 60, ta cancanci wuri a kowane gida. A Kanada, hukumar yanayi ta ƙasa na da manhajar WeatherCAN. Ka kuma yi rajistar saƙon tes da kamfanin wutarku, ka kai rahoto da kanka idan ta tafi. Shafin PowerOutage.us na nuna yawan gidajen da ke duhu a kowace gunduma, kuma wannan adadi shi ke faɗa maka gaskiyar tsawon jira: kamfanoni na fara gyara manyan layuka da asibitoci, sai layin da ke ɗauke da mutane da yawa, gidan da ke ƙarshen layi shi ne na ƙarshe. Wayar da ta faɗo ƙasa kuwa, a ɗauka tana da wuta, a yi nesa da ita, a hana yara zuwa kusa.

Wa ya dace da me

Ɗalibi ko iyali a gidan haya na bene: akwatin batir mai kilowat-awa ɗaya ko biyu, barguna masu kauri, rediyon yanayi. A tattara kowa a ɗaki ɗaya a toshe ƙasan ƙofa. Kada a kunna murhun gas ko gawayi don jin ɗumi, ko kaskon turaren wuta ne. Idan sanyi ya fi ƙarfin gida, a kira 211, layin neman taimakon jama'a, a tambayi wurin ɗumi mafi kusa, kuma a tafi tun hanya na biyuwa, musamman idan akwai jariri ko tsoho.

Mai gida da fili, mai ɗumin gas, a yankin da wuta kan yi kwana ɗaya zuwa uku: janareta mai inbata na wat 2,000 zuwa 3,500 mai aiki da fetur da furofen, da makunnin raba layi. Idan aljihu ya yarda, ƙara ƙaramin akwatin batir, a caja shi da rana a kashe inji da dare. Wannan haɗin shi nake ba yawancin mutane shawara, don yana rage shan mai sosai kuma ba wanda zai kwana inji na aiki.

Mai gidan da ke ɗumi da lantarki zalla: ƙaramin inji ba zai ɗauki na'urar ɗumin gidan ba. Ko dai ka yarda da ɗumama ɗaki ɗaya da hita ɗaya a kan janareta mai wat 3,500 zuwa sama, ko ka tafi ga injin dindindin. Ka kuma san inda makullin ruwan gidanka yake.

Wanda ke da mara lafiya mai dogaro da na'urar iskar oksijin ko maganin da dole sai a firij, ko yake bayan gari inda ruwan sha ma da famfon lantarki ake jawo shi daga rijiya, ko yake yawan tafiya gida Najeriya ko Nijar a watannin sanyi: injin dindindin, da akwatin batir a gefen gadon mara lafiyan. Ya kuma sanar da kamfanin wuta halin da ake ciki, da yawansu na da rajistar irin waɗannan gidaje.

Wanda ke jihohin kudu masu rana, inda guguwar bazara ta fi ƙanƙara yawa, kuma dama yana da niyyar saka sola: ya haɗa da batir tun farko, ya tambayi mai girkawa a rubuce ko tsarin zai ci gaba da aiki idan layin gari ya mutu.